Ranar da Na Ɗaure Motata da Hannuna

Ni dai ban taɓa buɗe baki na ce ni injiniya ba ne. Abin da nakan ce shi ne, shekara talatin da huɗu na yi ina kula da sito a matatar mai, kuma babu injiniyan da ya taɓa ɗaura noti ɗaya a wurin nan bai zo gabana ya sa hannu ya karɓa ba. To tsakanin mai ɗaurawa da mai bayarwa, wa ya fi sanin noti? Mutanen layinmu a garin Marabella da ke tsibirinmu ne suka ɗauki maganar suka liƙa mini suna Injiniya. Na fi shekara ina amsawa da fara'a kafin na gane ba yabo ba ne.

Sunana Fitzroy Lezama. Da na yi ritaya na sayi mota ruwan toka, 'yar Japan, wadda wani ya ɗan hau a can amma ba za ka ce an taɓa zama a cikinta ba. Ranar da na kawo ta na tsaya a tsakiyar falo na yi wa iyalina sanarwa: a cikinta zan kai 'yata Giselle coci ranar aurenta, ni da kaina, da hannuna a kan sitiyari. Dangin ango sun ce za su turo wata doguwar farar mota. Na aika musu cewa 'yar Fitzroy Lezama ba ta shiga motar haya alhali ubanta na da rai.

Saura kwana goma biki, aka sace motar wani mai kanti a layin bayanmu, da rana tsaka, mutumin yana cikin gida yana cin abinci. Ya fito da cokali a hannu ya tarar da fili.

Gidanmu ba shi da ƙyaure. Gajeriyar katanga ce dama da hagu, tsakiya a buɗe, mota ta shige ƙarƙashin rumfa. Matata Merlene ta ce mu kira mai walda ya yi mana ƙyaure kamar kowa.

"Kamar kowa," na ce. "Mai kantin ma ƙyaure gare shi kamar kowa. Ni na ga wani abu a ƙofar banki a San Fernando. Turakun ƙarfe ne, kauri kamar cinyata. Ka murɗa makulli, su nutse cikin ƙasa, ka wuce. Ka jawo su sama, ko tankar yaƙi ta zo sai ta yi sallama."

"Banki kake da shi?"

"Abin da ke ƙarƙashin rumfar nan ya fi mini banki."

"To ka je ofishin tsara gari ka tambaya tukuna. Ba a haƙa gaban titi haka kawai."

Don a zauna lafiya na je. Na tarar da wata mata a bayan tebur, tabarau rataye da sarƙa, sunanta a rubuce a gabanta, Mis Noreiga. Na yi mata bayani dalla-dalla, har na zana mata turakun a bayan ambulan.

"A ina za ka kafa su, Mista Lezama?"

"A ƙofar gidana."

"Cikin filinka, ko kan daɓen gefen titi inda mutane ke takawa?"

"A ƙofar gidana na ce."

"Na ji. Ƙofar gida kuma tana da ciki tana da waje. In cikin filinka ne, magana mai sauƙi ce. In ya taɓa daɓen jama'a, sai ka cike takarda, mu zo mu auna, mu tambayi masu ruwa da masu wuta ko suna da kaya a ƙasan wurin. Ka zo da taswirar filin naka?"

"Taswirar tana nan," na ce, na ƙwanƙwasa kaina da yatsa.

Ta sauke tabarau ta dubi sanƙona tun daga goshi har ƙeya.

"Fili kam akwai shi," ta ce, "amma ba shi nake nufi ba."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya, har da wani tsoho da na ɗauka barci yake. Na tambaye ta kwana nawa abin ke ɗauka. Ta ce mako shida, in ba a samu tangarɗa ba. Na karɓi takardar, na gode mata cikin mutunci, na yi fifita da ita a bas har gida.

"Me suka ce?" in ji Merlene.

"Sun ce magana mai sauƙi ce."

Ban yi ƙarya ba. Matar ta faɗi haka da bakinta.

Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Motar ta ɗan fi rumfar tsawo, bayanta yana leƙowa har bakin katanga. Dole turakun su fita waje kamar taku biyu, kan daɓen. Amma na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Shekara ashirin da bakwai wa ke share daɓen nan kowace safiya? Ni. Wa ke cire ciyawar da ke fitowa a tsagarsa? Ni. Na taɓa ganin gwamnati da tsintsiya a wurin? To.

Ranar Laraba aka kawo turaku uku, fenti rawaya da baƙi, kowanne a cikin doguwar kubensa ta ƙarfe da za a binne. Na fito da diga da shebur, na ɗaura tawul a wuya.

Gidan da ke kallon namu na Cuthbert ne, tsohon hedimasta, wanda tun da ya bar aiki ba shi da sana'a sai zama a baranda da rediyo yana sauraron sharhin wasan kurket yana gyara wa duniya kuskurenta. Da ya ji sarar farko ya rage murya.

"Injiniya! Mai kake nema? Sun sallame ka daga tasu, za ka buɗe taka?"

"Ka zauna ka yi kallo, Cuthbert. Kyauta ne darasin yau."

"Ka nemi izini?"

"Na je ofis."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ni ma na je asibiti jiya, ban zama likita ba."

Na ƙyale shi. Rami na farko ya fita sumul. Na biyu ya ɗan wahalar da ni, don zafin rana ya fara hawa kaina. A na uku, na ɗaga diga na kai sara da dukan ƙarfina don Cuthbert ya gani, sai na ji wani sauti da ba na dutse ba. Ƙasa ta yi baƙi, ta kumburo, ruwa ya taso ya same ni a haɓa.

Cuthbert ya miƙe tsaye yana tafi.

"Ya samu! Jama'a, ku fito, ya samu! Kuma fari ne, irin mai tsada!"

Maƙwabciyarmu ta hannun dama Tanti Doolarie ce. Sana'arta doubles, wato soyayyun waina biyu na fulawa da dafaffen wake a tsakani da yaji, kuma rabin Marabella a ƙofarta suke karya kumallo. Ta fito hannuwanta duk ƙulli har gwiwar hannu.

"Fitzroy! Famfona ya ɗauke ina tsakiyar kwaɓi! Me ka yi?"

"Ɗan gwaji ne, Tanti. Ina duba ƙarfin ruwan layin."

"Ka duba? Ya ƙarfin yake?"

"Da kyau."

"To mayar mini da shi cikin famfo, tun ban kwaɓa ka da fulawar nan ba!"

Cuthbert ya ce a kira masu ruwa. Na ce abin da bai kai tsawon yatsa ba ba a tara masa ma'aikata. Gaskiyar magana, na san in suka zo za su tambaye ni takarda. Na yanko robar tayar keke, na naɗe bututun tam, na ɗaure da waya, na ƙara wata robar a kai. Ruwa ya tsaya. Na juyo na dubi jama'a, jiƙe sharkaf, na ce haka muke yi a matatar mai. Ba haka ake yi a matata ba. Da haka ake yi, da babu Marabella a yau.

Alhamis ranar siminti ce. A cikin kwalin turakun akwai wata takarda mai ƙananan rubutu da harsuna huɗu. Na leƙa na ga ana maganar a zuba tsakuwa a ƙasan ramin, a kuma naɗe bakin kuben da leda kafin a zuba siminti. Na ce wannan don 'yan koyo aka rubuta. Na dama simintina ruwa-ruwa, yadda zai ratsa kowane lungu ya kama. Ya kuwa ratsa. Na jawo turakun uku sama, suna tsaye ƙyam har kusan ƙuguna, don in sun nutse wa zai san an yi aiki?

Merlene ta leƙo ta taga.

"Ba za ka fitar da motar ba tukuna?"

"In fitar da ita ta kwana a ina? A titi, in miƙa wa ɓarayi da hannu biyu?"

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa, an ji, an rubuta."

Na zuba, na shafe, na gyara gefe da cokalin magina. Kafin ya bushe na ɗauki ƙusa na rubuta F.L. da shekara a jikin simintin, don na baya su san wanda ya yi.

Juma'a kuwa ranar daɗi ce, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya, ni kuma ina nan da bayani. Masu sayen doubles suka gano cewa kan turakun a baje yake, suka mai da su tebur, na yi ta korarsu ina goge yaji da tawul. Wata mata mai tura jariri a keke ta zo ta kasa wucewa, sai da ta sauka kan titi ta zagaya, tana mini wani kallo. Na ce mata tsaro sai da haƙuri. Da yamma na wanke motar, na goge ta har ina ganin haƙorana a ƙofa, na ɗaura mata farin kintinkiri daga madubi zuwa hanci.

Giselle ta fito ta tsaya kusa da ni, kanta cike da abin naɗe gashi.

"Dadi, ka gwada su kuwa? Suna sauka?"

"Siminti kwana biyu yake so ba a taɓa shi ba. Gobe za ki gani. Murɗa ɗaya."

"Ka tabbata?"

"Na taɓa ba ki kunya?"

Ta dube ni, ta dubi turakun. Ta sumbace ni a kumatu ta koma ciki. Yarinyar tana da tarbiyya.

An sa ɗaurin aure ƙarfe biyu na ranar Asabar. Ƙarfe ɗaya layinmu ya cika, 'yan'uwa daga Arima, 'yan'uwa daga Tobago, mata da huluna, maza da kwat suna zufa. Na fito cikin sabuwar kwat ɗina ruwan madara, da fure a ƙirji. Na ɗaga ƙaramin makullin sama don kowa ya gani.

"Jama'a, a ɗan ja baya. Abin da za ku gani yanzu, sai dai a ƙofar banki."

Na durƙusa da gwiwa ɗaya, na sa makulli a turken tsakiya, na murɗa. Ya yi ƙas, daidai yadda ya kamata. Na danna kan turken da tafin hannu.

Bai motsa ba.

Na danna da hannu biyu. Na yi murmushi ga jama'a, na koma na dama. Ƙas. Na hagu. Ƙas. Duk ukun suna tsaye kamar tare aka halicce su da tsibirin.

"Sabo ne," na ce. "Sabon ƙarfe yana da taurin kai."

"Ya yi gadon mai shi," in ji Cuthbert.

Na hau kan na tsakiya da ƙafa biyu na yi tsalle, ina riƙe da kafaɗar wani. Babu. Aka kira wani ɗan'uwan Merlene daga Tobago, mutumin da in ya shiga bas direba ke duba tayoyi, aka ce ya zauna a kai. Ya zauna, ya tashi da sauri yana riƙe da bayansa, ya ce shi biki ya zo ba tiyata ba.

"Mai ake so," na ce. "Tanti, kawo man kwakwa!"

Ta kawo kwalba guda. Na tsiyaya a gindin turken. Man bai shiga ko'ina ba, don babu inda zai shiga. Ya kwanta a kan simintin, ya malalo, ya sami gwiwar wandona. Na rungumi turken don in girgiza shi, hannuna ya sulɓe, ƙirjina ya daki kansa, furen ya murƙushe. Da na miƙe, gaban kwat ɗin ya zama taswira.

Cuthbert ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa gindin turken da makullin gidansa, ya kasa kunne.

"Injiniya, ramin da abin zai nutse ciki fa, ina yake?"

"Yana ƙasa."

"Yana ƙasa cike da siminti. Ka cika masa ciki. Ka gina ginshiƙi uku ne, abokina, saura ka ɗora rufi."

Merlene ta fito baranda cikin rigarta shuɗiya, ta dubi agogo, ta dube ni.

"Ɗaya da minti ashirin, Fitzroy."

"Na sani."

"Bari in kira dangin ango su turo doguwar motar."

"Kada ki kuskura! Minti biyar."

Sai ga mai kifi ya shigo layin da akori-kurarsa yana busa ƙaho. Na tare shi a tsakiyar titi. Na ce igiya kawai za mu ɗaura, ya ja, turke ɗaya ya fita, in lallaɓa motar ta tsakanin sauran. Ya dubi turken, ya dubi kwat ɗina, ya ce shi dai ba ruwansa. Na ɗaura igiyar a bambarsa, ƙarfen bayan motar, da wani ƙulli da na ce na matuƙan jirgin ruwa ne. Ƙullin kam ya riƙe, a nan babu wanda zai zarge ni. Ya taka mai, igiya ta miƙe, ta yi ƙara, sai bambar ta rabu da motar ta faɗo titi tana ƙararrawa. Motar ta zabura gaba, akwatin ƙanƙara ya kife, kifaye suka bazu har ƙafar 'yan'uwan Arima. Karnukan layin, da tun safe suke jiran a yi wani abu mai ma'ana, suka iso.

Ban tsaya sauraron mai kifi ba. Na ruga bayan gida na ɗauko guduma babba. In turke ba zai nutse ba, to daɓen da ke riƙe da shi zai fashe. Na tuɓe kwat, na tofa yawu a tafi, na kai duka ɗaya. Na kai na biyu.

"Mista Lezama. Ajiye gudumar nan."

Na san muryar kafin in juya. Wata mata ce cikin riga ruwan hoda da hula mai faɗin faranti, rungume da furannin amarya, tabarau rataye da sarƙa. Mis Noreiga. Ashe ƙanwar uwar ango ce, ita aka aiko da furannin. A tsibirin nan in ka yi wa mutum rashin kunya ranar Litinin, ranar Asabar za ka same shi a teburin cin abincinka.

Ta miƙa wa Merlene furannin, ta buɗe jakarta, ta fito da tef ɗin awo.

"A jakar biki?" in ji Tanti Doolarie.

"Ba na fita babu shi, Tanti. Riƙe mini nan, a bakin katanga."

Tanti ta riƙe, da jin daɗinta. Mis Noreiga ta ja tef ɗin har gindin turke, ta karanta, ta karanta kuma da ƙarfi don na baya su ji.

"Duk ukun a kan daɓen jama'a suke. Ko ɗaya bai taɓa filinka ba. Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce wasu ma'aikata ne, ban ma riƙe sunansu ba.

Ta sa yatsan takalminta a kan simintin, inda aka rubuta F.L. da shekara.

"Sun bar sa hannu," ta ce.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a San Fernando. Na ce to, na ji, na yi kuskure, yanzu zan gyara, a ba ni wuri in fasa.

"Ba za ka fasa ba. Daɓen ba naka ba ne. Fasa shi ma sai da izini."

"Sawa sai da izini, cirewa ma sai da izini?"

"Sosai."

"Ranar auren 'yata?"

"Doka ba ta san Asabar ba, Mista Lezama."

Da ina da hankali da a nan na tsaya. Amma mutum ɗari suna kallona, kuma gudumar tana hannuna. Na ce a ƙofar gidana babu mai gaya mini abin da zan fasa. Na ɗaga ta sama, na sauke a gindin turke na uku, daidai inda robar tayar keke ke kwance tun Laraba.

Wannan karon ruwan bai tsaya a haɓata ba. Ya wuce ni, ya wuce wayar lantarki, ya buɗe a sama kamar lema, ya sauko kan kowa. Mata suka watse suna ihu da huluna a hannu. Hular Mis Noreiga ta sha ruwa ta lanƙwaso ta rufe mata kunnuwa. Tanti Doolarie tana kururuwa, "Famfona! Ya sake kashe mini famfo!" Mai kifi yana kokawa da kare a kan wani babban kifi. Cuthbert kaɗai ya zo da lema, ya buɗe ta a hankali, ya tsaya a ƙarƙashinta yana kallona kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa karo na uku.

Sai hayaniyar ta mutu, daga baranda zuwa titi. Na juya.

Giselle ce a bakin ƙofa, cikin farar rigarta, mayafi a bayan kai. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba, kuma ban taɓa jin na ƙanƙance kamar lokacin ba. Ta dubi motar da kintinkirinta a bayan turaku. Ta dubi ruwa, ta dubi kifi, ta dubi ubanta da singileti ya manne a ciki, da guduma a hannu. Na ce a raina, in yarinyar nan ta yi kuka, ni da kaina zan shiga ramin nan a zuba siminti.

"Dadi," ta ce. "Murɗa ɗaya?"

Na sunkuyar da kai. Karo na farko ke nan a rayuwata, Merlene ta ce ta rubuta ranar.

"Ajiye gudumar. Sa kwat ɗinka."

"Giselle, bari uwarki ta kira doguwar..."

"Babu lokaci. Mami, ba ni silifas ɗinki, ki riƙe mini takalman." Ta tattare rigarta da hannu ɗaya, ta zagaye ruwan ta gefen katanga, ta matse ta tsakanin turke da bango, ta zo ta saƙala hannunta a nawa, jiƙaƙƙe, mai warin man kwakwa. "Ka ce kai za ka kai ni coci. To kai ni."

Tafiyar minti goma sha biyar ce daga gidanmu. Muka kama hanya, ni da ita a gaba, takalmina na kuka cakal-cakal kowane taku. Cuthbert ya bi mu yana riƙe mata lema saboda rana. Merlene a baya da takalman amarya, sai dangi, sai Tanti Doolarie da ta ɗauko murafun tukunya biyu tana bugawa, sai duk wanda ba a gayyata ba. Motoci suka riƙa tsayawa suna mana ham. Mutane suka fito ƙofar shaguna suna tafi. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin biki mai kyau haka ba, wa ya kawo shawarar tafiya a ƙasa?

Na buɗe baki zan amsa, Giselle ta matse mini hannu har sai da na ji a ƙashi.

Mun makara da minti bakwai kacal. Na raka ta har gaban Fada, na bar sawun ruwa tun daga ƙofar coci. Da Fada ya tambaya wa ke ba da wannan yarinya, kafin in ce ni ne, wata murya daga baya ta ce, "Ya nemi izini?" Fada da kansa sai da ya ɓoye fuska a littafi.

A wajen liyafa Mis Noreiga ta zo ta zauna kusa da ni da farantin pelau, wato dafa-dukar shinkafa da wake da nama, hularta a kan gwiwa tana bushewa. Ta ce yanzu mun zama dangi, don haka za ta taimake ni: in zo Litinin da sassafe, da taswira ta takarda, za ta nuna mini inda ake sa hannu. Na ce tun da mun zama dangi, kwana nawa? Ta ce mako shida.

Masu ruwa sun zo tun muna coci. Suka gyara bututun, suka mayar da siminti a gindin turke na uku, nasu mai kyau, wanda ya fi nawa ƙarfi.

Mako shida motar tana zaune ƙarƙashin rumfa tana kallon titi ta tsakanin turaku. Ni kuma ina bin bas. Direbobi suka daina kiran wurin da sunan layinmu, sai ka ji fasinja ya ce, "A sauke ni a Turaku Uku." Tanti Doolarie ta sa wa kowanne kwalbar yaji a kai, ta ce in na hana ta, za ta tuna mini da famfo. Na gyara wa mai kifi bambarsa, wato na kai wa mai walda ya gyara, ina tsaye ina ba shi shawara har ya roƙe ni in je in sha iska.

Ranar da takarda ta fito, ma'aikata biyu suka zo da injin yanka. Abin da ya ci mini kwana uku da mutuncin shekara sittin, suka gama shi kafin shayin Cuthbert ya huce. Suka share, suka shafe, suka tafi. Layi ya taru a ga fitowar mota. Na sa hular fita, na shiga, na gyara madubi, na ɗaga wa jama'a hannu, na murɗa makulli.

Ƙit. Shiru.

Na sake. Ko ƙit ɗin ma bai samu ba. Batir ya mutu da zaman banza.

Merlene ta zo ta buɗe ƙofar direba.

"Sauka."

"Merlene, motar nan tana da wani hali, sai wanda ya..."

"Sauka ka tura, Fitzroy."

Na sauka. Ta shiga, ta ja kujera gaba, ta mayar da madubin daidai ita. Ni da Cuthbert muka turo motar zuwa titi, muka juya hancinta gangare. Cuthbert ya ce bayansa na ciwo, ya koma gefe. Na sa kafaɗa ni kaɗai, na tura, na tura, hulata ta faɗi, motar ta fara gudu, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Na tsaya ina haki, na ɗaga hannu ta tsaya in shiga.

Hannu kawai na gani ya fito ta taga yana mini bai-bai. Ta sha kwanar gidan mai ba tare da ta taɓa birki ba.

Na tsaya a tsakiyar titi cikin hayaƙi. Cuthbert ya ɗauko hulata ya kaɗe ya miƙo mini.

"Ka ga turin nan kuwa?" na ce masa. "Daga ƙugu ake yinsa, ba daga hannu ba. Ba kowa ya iya ba."

"Ba kowa ba, Injiniya," ya ce.

Sai yamma ta dawo, da kayan cefane da sabon gyaran gashi. Makullin yana cikin jakarta har yau. Ni ke wanke motar ranar Asabar, kuma duk layin nan babu wanda ya kai ni iya wanki.